Ku Tambayi Tsohon Lamba 6

Assalamu alaikum masu karatu, da fatan kowa na lahiya, ya zahi? Wanga wata saƙonni sun taru da yawa har yaron da ke tattara mini su a biro na mujalla ya ce wayarshi ta kusa ƙin aiki, to ba duka zan iya amsawa ba, na tsamo waɗanda na ga amsarsu za ta yi ma mutum hiye da guda amfani. Wanda bai san ni ba, ni ɗan Tahoua ne, na yi shekara goma sha uku ƙwallo ce ke ci da ni, tsakiyar hili nike bugawa, lamba 6, nan gida da ƙasashe biyu na maƙwabta. Ban zama tauraro ba, sau guda anka kira ni sansanin Mena, ekip ɗin ƙasa, kwana tara na yi anka ce in koma gida. Yanzu ɗan butik gare ni, da la'asar in ruhe in tahi hili wajen yara. Kamar kullum mun cire sunayen masu tambaya.

Daga wani yaro, Bilbis, Tahoua: Salam Koc. Shekarata 16, gaba nike bugawa. Wani mutum ya zo daga Yamai ya kalli wasanmu sau biyu ya ce ƙafata ba ta nan ba ce, zai kai ni gwaji Beljik amma sai an ba shi miliyan biyu na biza da tikiti da masauki. Babana ya yarda har shina maganar saida shanu da hilinshi na bakin hanya. Mi ka gani Koc?

Ɗana, kamin ka ƙare karanta wagga amsa tashi ka je ka ce ma Baba ya bar shanunshi su ci gaba da kiwonsu. Shekarunka kaɗai sun isa su kashe maganar. Dokar FIFA ta sauyin ƴan wasa, aya ta 19, ta hana a ɗauko yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa a yi mishi rajista a wata, sai in iyayenshi sun ƙaura can don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko wasu ƴan hanyoyi kaɗan da babu wadda ta shahe ka cikinsu. Ke nan ko ka je ka ci ƙwallo goma gaban Turawa babu ekip ɗin Beljik da za ta iya yi maka lasisi bana. Mutumin nan ya san haka sarai, kai da Baba ne ba ku sani ba, kuma rashin saninku shi ne jarinshi.

Ekip ɗin da ke sonka da gaske ita ke aiko takardar gayyata da sunanka da hatiminta, ita ke biyan jirgi da ɗaki. Ku tambaye shi wace ekip ce, ina takardar, ina lasisinshi na wakilin ƴan wasa, don tun 2023 FIFA ta maido jarabawa ga masu wanga aiki, kuma sunayen waɗanda sunka samu lasisi na nan a shahinta na intanet, duk mai waya na iya dubawa. Za ka ga ya fara hushi shina cewa ba ku yarda da shi ba. To e ba ku yarda ba, ƙanen babanka ne?

Ba ji na yi ba, ni an yi mini. Ina da shekara 22 wani mai kwat da turare ya tare ni bayan wani maci a Yamai, yayana da ke bida a Abijan shi ya aiko rabin kuɗin, innata ta saida tumakinta huɗu da wata sarƙa ta cika sauran. Mun sauka cikin sanyin da ban taɓa sanin Allah ya halicci irinshi ba, ni da wasu yara biyu, ɗan Mali da ɗan Gine, ya aje mu wani ƙaramin otel kusa da tashar jirgin ƙasa, kwana uku shina kai mu wani hili inda ƴan wata ƙaramar ekip ke motsa jiki da dare bayan sun taso daga aiki, wai shi ne gwajin, ashe ko mai horas da su bai san da zuwanmu ba, kunya ce ta sa ya bar mu munka shiga. Rana ta huɗu mutuminmu ya ce bari ya je ya gano wani farzidan ya dawo, har yau da nike wanga rubutu bai dawo ba. Bizar da ya yi muna ta ƴan yawon buɗe ido ce, irin wadda ko an yi maka alheri ba ta wuce kwana 90, tamu ma ta 30 ce, tikitin dawowa kuma da munka je tambaya anka ce ba a biya shi ba. Wani Ba'adare mai wankin kwanoni a gidan abinci shi ya riƙe ni sati uku bisa katifa a ƙasan ɗakinshi har ƴan uwa sunka haɗa mini kuɗin jirgi. Ɗan Ginen ya ƙi dawowa, ya ce kunyar gida ta hi ƙarhinshi, ban sake jin labarinshi ba. Ni na dawo, kuma har innata ta rasu ba ta taɓa yi mini maganar tumakin nan ba ko sau guda, da ta zage ni da ya hi mini sauƙi.

Hanyar da waɗanda sunka hita da gaske sunka bi ba ɓoyayya ba ce. Dubi Moussa Maazou, sai da ya yi ta zura ƙwallaye a AS FAN kowa na gani cikin shampiyona tamu, sannan Lokeren ta Beljik ta ɗauke shi a 2008, shekara na zagayowa CSKA Mosko ta saye shi. Kai ma nemi ekip mai rajista da FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙasarmu, ka yi lasisi da sunanka da shekarunka na gaskiya, ka buga a gan ka. Lasisin nan har ƴar ekip ɗin unguwa yake yi ma rana, don in wata rana ka sa hannu a waje, waɗanda sunka raine ka tun kana shekara 12 suna da haƙƙin kuɗin horo, in babu takarda kuwa ko dala ba mai ba su.

Daga wani ɗan fada, Boukoki, Yamai: Yaya barka da aiki. Kullum muna gardama a fada, wasu na cewa sai Bature ke iya riƙe ekip wasu na cewa ɗan gida. Kai da ka zauna ƙarƙashin duka biyu wa ya hi? Kuma wane koc ne ba ka mancewa?

Ƙanena wagga gardama ta girme ka, shayinku zai ƙare ita ba ta ƙare ba. Na zauna na ƙirga, masu horaswa goma sha ɗaya na ratsa hannunsu, biyu Turawa, guda Balarabe, sauran namu, kuma wanda ya koya mini abin da na ci abinci da shi duk tsawon shekarun nan bai da takardar koc ko guda. Mushen lakwal ne nan Tahoua, lissahi yake koyarwa da sahe, da marece ya ɗauro ƙwallo biyu cikin buhu bayan kekenshi. Allah ya jiƙanshi da rahama. Abin da yake yi muna, sai ya tsaya can bayanka, in an turo maka ƙwallo kamin ta iso sai ya ɗaga yatsu, biyu ko huɗu ko ya dunƙule hannu, dole ka waiga ka gani ka faɗi adadin da ƙarhi sannan ka taɓa ta. In ka taɓa ba ka faɗa ba zagaye hili guda. Kalma guda ce a bakinshi, “Nawa?” Mun tsane ta ƙwarai, mu da ke son a koya muna yanka da almakashi irin na tele ga wani na tambayarmu yatsu. Sai da na shiga babbar ekip a Yamai na gane abin da ya ba ni. Ni ba ni da gudu, ba ni da wani bugu mai tsoratar da gola, amma kamin ƙwallo ta zo na riga na san wa ke bayana, wa ke sake, ina zan aje ta, sai ƴan kallo su riƙa cewa yaron nan akwai natsuwa, ni ko na san waige ne kawai.

Baturen da na hi daɗewa da shi a waje, wata takwas muna tare bai riƙe sunana ba, “Nijar” yake kirana kamar ni kaɗai ne ƙasar. Amma ba zan ci haƙƙinshi ba, shi ya fara nuna mini kaina a bidiyo, ya tsaida hoto ya ce dubi inda kake tsaye, tsakaninka da ƴan baya tirela na iya wucewa. Shi ya sa ana auna mu a sikeli kamin horo da bayan horo don a san ruwan da mutum ya zubar, shi ya hana mu cika ciki da shinkafa da mai awa guda kamin wasa. Zama da mutane ne bai iya ba. Da azumi ya kama sai ya riƙa kallonmu kamar da gangan munka yi mishi, ya ƙi maida horo bayan shan ruwa, ƴan wasa sunka juya mishi baya, ba a kai babbar salla ba anka sallame shi. Akwai kuma wani ɗan gida, ba zan faɗi ekip ba balle suna, wanda in kana son ganin sunanka cikin sha ɗayan farko sai ka san abin da ka yanka mishi cikin firim ɗinka na cin wasa. Shi ma koc ake ce mishi, da usur a wuya da komi.

In kuma tarihin ƙasa kake so ka kai fada, ga shi. Wanda ya fara kai Mena gasar kohin Afirka ɗan gida ne, Harouna Doula, kuma daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Ranar 10 ga Oktoba 2010 ina cikin sitad Seyni Kountché zaune bisa siminti mai zahi kamar tanda lokacin da Maazou ya ci Masar, Masar ɗin da ta ɗauki kohi sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, wani tsoho da ban taɓa gani ba ya rungume ni shina kuka har hularshi ta faɗi. CAF, hukumar ƙwallon Afirka, da kanta ta ba Doula kyautar gwarzon mai horaswa na 2011. Amma da za a tahi Gabon a 2012 sai anka haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, Gabon ta ci mu 2-0 wasan farko, daga nan ragama ta koma hannun baƙon, kuma duk da haka Tunisiya ta ci mu 2-1, Maroko 1-0. Ni a ganina ba a kyauta ba, mutum ya yi shuka ya yi noma ya yi girbi, ranar sussuka a ce ya matsa gehe. A 2013 Bajamushe Gernot Rohr ya kai mu Afirka ta Kudu munka samo makinmu na farko, canjaras babu ci da Kwango ta Kinshasa, shi ma ya yi nashi. Sannan Doula ɗin dai ya dawo ya kai ƴan wasan gida har wasan kusa da na ƙarshe a CHAN, gasar Afirka ta masu bugawa cikin ƙasashensu, a Aljeriya farkon 2023, bayan sun hidda Gana da ci 2-0. Aljeriya ta yi muna 5-0 daga baya, wannan in kana ɓangaren ƴan gida sai ka yi shiru da shi.

Daga wani ɗan kasuwa, Ƙonni: Malam ku faɗa muna gaskiya, ƙwallo a Nijar na da kuɗi? Kai mi ka tara?

Alhaji ka taɓo inda ke ciwo. Abin da na tara, hili guda da na gina ɗaki uku, butik ɗin nan, da gwiwa mai faɗa mini hadari na tahe kamin a sanar a radiyo. Albashina na farko a babbar shampiyona jikka talatin ne a wata, in an biya, firim na cin wasa jikka biyar, kuma a haka ake ɗora mu a kar daga Yamai zuwa Arlit, hiye da kilomita dubu, mu sauka ƙafafu sun kumbura gobe mu shiga hili da Akokana ko Urana. In ka lura ekip ɗin da ke daɗewa a sama yawanci masu uwa a gindin murhu ne, AS FAN ta soja, AS GNN ta ƴan garda, ta Duwan, ta Polis, ta jandarma, ko ta kamfani irin Nigelec, don akwai inda kuɗi ke hitowa duk wata, wani yaron ma ta hanyar ƙwallo yake samun kaki ya tsira da aiki bayan ya aje takalmi. Sahel da Olympic suna da tarihi da magoya baya. Amma ekip ɗin jiha wadda mutum guda mai son ƙwallo ke riƙe da aljihunshi, ranar da kasuwarshi ta girgiza ita ma ta kwanta.

Kuɗin kirki a waje na gan su kuma a can anka cinye mini su. Wata ekip ta riƙe mini albashin wata biyar, kullum farzidan na cewa sati mai zuwa, da na matsa sai sakatare ya hiddo kontira ya shimfiɗa gabana, ashe adadin da ke rubuce rabin wanda munka yi magana da baki ne, sauran wai “tsakaninmu”. Doki ya sa na sa hannu ban karanta ba, ko kwahi ban karɓa ba. Ƴan wasan yanzu ku buɗe kunne, tun 2018 dokar FIFA ta ce in an riƙe maka albashin wata biyu ka rubuta musu takarda ka ba su kwana 15, in ba su biya ba kana da damar tsinke kontira ka yi gaba kuma ka kai ƙara a bi maka haƙƙinka. Sai dai abin da ke rubuce kaɗai ake bi, alƙalan FIFA ba su san wani “tsakaninmu” ba.

Daga wata ɗaliba, jami'ar Tahoua: Kawu don Allah da gaske ne ana asiri a ƙwallo? Yayana ya rantse ya ga an bizne laya a raga.

Ɗiyata yayanki bai yi ƙarya ba, ana biznewa, ni da idona na ga an tono. Na buga a ekip ɗin da ba mu shiga sitad ta ƙofa, sai mu haura katanga da jakunkunanmu kamar ɓarayi don an ce an zuba wani abu a bakin ƙofar. Na sha rubutu, an shafa mini wani mai a ƙwauri mai warin da ko abokin karawa bai son matsowa kusa, wataƙila nan ne amfaninshi. An taɓa hana mu gaisawa da kowa tun daga otel har hili, ranar 3-0 anka ci mu, malamin ya ce ai wani cikinmu ya ba direba hannu. Abin da na lura dai kuɗin malami ba su taɓa makara ba, albashinmu ne ke makara. Addu'a ina yi har gobe, Fatiha kamin a hita ba ni wasa da ita, amma laya ba ta taɓa tare mini ɗan gaba mai gudu ba.

Kin san ranar da mutane sunka hi cewa Nijar ta yi asiri? Ranar ƙarshe ta neman zuwa kohin 2012. Mu Masar ta ci mu 3-0 a Alƙahira, Afirka ta Kudu kuma na wasa da Saliyo a gida, da labari ya kai musu sai sunka lallaɓa wasan ya tashi babu ci suna ganin yawan ƙwallaye zai hisshe su, ƴan wasansu har da rawa cikin hili suna zagaye ƴan kallo. Ashe dokar gasar ta ce in maki ya zo daidai, sakamakon karawa tsakanin masu makin ake dubawa. Mu da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa na da maki 9, amma a tsakaninmu Nijar na da 6 don ta ci kowacce a Yamai, su kuma biyar biyar. Suna can suna rawa tikiti na aljihunmu. Babu wanda ya bizne komi, wani ne can bai buɗe takardar doka ya karanta ba, irin dai abin da na yi da kontira.

Daga wata uwa, Talladjé, Yamai: Malam ina wuni. Ɗana bana zai yi jarabawar BEPC amma ya ce shi ya bar lakwal ƙwallo zai yi. Yanzu kuma mai horas da su ya ce a sake mishi takardar haihuwa a rage shekara uku wai kowa haka yake yi. Babanshi ya rasu ni kaɗai ce, ban san abin da zan ce mishi ba.

Hajiya Allah ya jiƙan maigida ya raya abin da ya bari. Maganar rage shekaru kar ki sa hannu ciki. Ba zan ɓoye miki ba a zamaninmu an yi, ina da abokan da ke da ranar haihuwa biyu, ta gida da ta ƙwallo, har akwai wanda muke tsokana cewa ƙanenshi ya girme shi. Amma tun 2009 FIFA ke sa ana ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar ƴan ƙasa da 17, in ƙashin wurin ya gama haɗewa na'ura na nunawa, ba ruwanta da abin da anka rubuta a meri. Kamaru ta taɓa kiran yara 30 gwajin ya zubar da 21. Yaro ya sha wahala sai ya kai bakin gaɓa a kore shi da sunan maƙaryaci, ga takardar lakwal da ta haihuwa sun saɓa har iya rayuwarshi. Akwai ma wata cuta da ba a cika faɗi ba, ɗan shekara 19 da ke wasa cikin ƴan 16 ƙarhi kawai yake gwada musu, ba ya koyon komi don bai buƙata, ranar da ya haɗu da sa'o'inshi sai a ga babu abin.

Lakwal kuwa ki ce mishi tsohon ɗan ƙwallo ya ce ya kawo BEPC tukuna. Horo da la'asar ake yi, bai hana mutum shiga aji sai in dalili yake nema. Cikin mu ashirin da wani abu da munka taso hili guda nan Tahoua mu biyu munka ci albashin ƙwallo, kuma ni da na ci kin ji yadda rashin karanta takarda guda ya yi da ni. Ba cewa nike ƙofa a ruhe take ba, yaranmu sun je kohin duniya na ƴan ƙasa da 17 a Indiya a 2017 har sunka ci Koriya ta Arewa 1-0 sunka tsallake rukuni, to amma yara 21 ne ƙasa duka ta aika. In ya ƙi jin taki ki nemo kawunshi ko ƙanen babanshi su je su zauna da mai horaswar nan ido da ido, ni ina shakkar mutumin da zai fara ma maraya da takardar ƙarya.

Daga wani dattijo, Madawa: Ƙwallon da da ta yanzu wace ta hi? Ni dai kokowa ta hi mini su duka.

Baba ai mu ƴan Adar ba mu da bakin musu, nan Tahoua anka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, kuma har yau in lokacinta ya zo ko yarana ba su zuwa hili suna gaban tele, ni ma ina bayansu. Ƙwallon yanzu ta hi tamu gudu da tsari, ana canza mutum biyar maimakon uku, ga VAR mai duba wasa a bidiyo, mu a lokacinmu lamba 6 na iya taka mutum arbit na kallon wani wuri, da yau ne rabin wasannina ba zan ƙare su ba. Abin da ke ba ni haushi yaro ya san mai zaman benci a Real Madrid bai san golan ekip ɗin garinsu ba. Ba laihinsu ba ne duka, an daɗe Mena na karɓar baƙi a Maroko ko Lome don sitad ɗinmu bai cika sharuɗɗan CAF ba, a Nuwamba 2024 mun ci Sudan 4-0 a wasan da ake kira na gida alhali a Togo anka buga shi, kwana kaɗan munka je Akara munka ci Gana 2-1. Yaron da bai taɓa jin sitad ya ɗauki ihu gaba ɗaya ba da mi za ka ja shi?

Daga wani ɗan wasa, Yamai: Babban yaya shekarata 31, gwiwa ta fara damuna kuma ekip ba ta sabunta mini kontira ba. Kai yaya ka san lokacin ajewa ya yi?

Ɗan uwa, gwiwar tukuna. Je wurin likitan ƙashi a ɗauki hoto ka san mi ke ciki, kar ka yi irin tawa. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke mini, wadda in an yi aiki mutum ke yin wata shida zuwa tara kamin ya koma hili, ni kuwa tsoron kar a ba wani gurbina ya sa na tahi wurin mai ɗori, wata biyu na dawo da bandeji, ana yi mini allura kamin kowane wasa. Mai ɗori ya iya karaya ban raina mishi ba, amma jijiyar da ta tsinke cikin gwiwa ba ta ɗoruwa da kara da tsumma. Shekara biyu na ƙara a haka kuma su nike biya yanzu duk sanyin hunturu, sujada ma sai na miƙe ƙafa guda.

Ranar da na sani, wani yaro ne da bai wuce 18 ba. An turo mishi ƙwallo, na riga na waiga na ga komi, na san ta hagu zai bi tun bai san da kanshi ba, kaina ya tahi ya tare shi amma ƙafafuna na nan inda na bar su. Sau uku ya yi mini haka kamin hutun rabin lokaci. Da munka shiga ɗaki na kwance takalmi na ce ma koc ya sa wani, bai ko tambaye ni dalili ba, a nan na gane shi ya riga ni sani. Abin da ba wanda ya gargaɗe ni shi ne shirun da ke biyo baya, wayar da ke ƙara dare da rana sai ta yi sati ba mai kira in ba mai bin bashi ba, har ƙarhe huɗu ta yi jikinka ya tashi neman hili babu inda za ka. Na hau kar na biyo Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, a Tsarnawa da mota ta karkata hanyar Tahoua na ji kamar a ce direba ya juya.

Don haka tun sunanka na bakin mutane je ka tambayi lig ɗin jiharku ko FENIFOOT yaushe ake buɗe horon masu horaswa, ka fara da ƙaramin lasisi, ko na alƙalanci in kana da haƙurin zagi. In hoto ya nuna gwiwar na iya ɗauka, shekara 31 ba tsufa ba ne ga mai wasa da kai, nemi ekip ko ta rukuni na biyu ce ka ƙara kaka guda kana shirya abin da za ka kama. Ni sai da na yi shekara ina zaman butik ina hushi da kowa kamin wasu yaran unguwa sunka zo sunka ce in zo in duba musu wasa. Yanzu ni ke tsayawa bayansu ina ɗaga yatsu, kuma sun tsane ni daidai yadda munka tsani mushe. Shekaranjiya na kama wani shina faɗin adadi daidai kullum bai waiga ba, ashe golansu ke raɗa mishi daga nesa da hannu. Zagaye biyu biyu sunka yi.

Mai tambaya kan takalman ƙwallo na gwanjo da ake saidawa Katako, da wanda ya ce in faɗi sha ɗayan Mena da na hi so tun da nike kallo, ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.